Farin Mayen Ƙarfe da Littattafan Yaya Habibu

A wannan watan yayana, Malam Habibu, ya cika shekara tara da komawa ga Mahaliccinsa. Shekara tara ta isa a haifi yaro har ya kai aji huɗu, ta kuma isa babban mutum ya manta da abin da ya fito daga bakinsa. Ta farkon na san ta, domin na karantar da 'yan firamare shekara talatin da ɗoriya kafin in ajiye alli. Ta biyun kuwa sai bana na gan ta da idona. Da niyyata in yi masa addu'a a ɗakina in yi shiru kamar kowace shekara, amma mutanen da suka mai da shi abin dariya yana raye sun fara kiran sunansa a lasifika, ni kuwa wannan lomar ta ƙi haɗiyuwa.

Ga wanda bai san shi ba, a gidanmu na Ƙofar Wambai, a nan Bauchi, aka haife mu, shi ne babba, ni Hajara ce ta uku. Aikinsa na gwamnati shi ne kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare. Shi ke wanke kwalabe, ya haɗa sinadarai, ya shirya wa malamin kimiyya abin da zai nuna wa ɗalibai, malamin ya zo ya nuna a tafa masa. Ba shi da digiri, kuma da wannan sandar aka yi ta dukansa har ya bar duniya. Da ya yi ritaya sai ya kama rumfa a Wunti, tsakanin wani tela da shagon walda, yana gyaran rediyo da lasifika, daga baya har da kwamfuta.

A rumfar nan ya gamu da abin da ya cinye sauran kwanakinsa. Mayen ƙarfe, wanda littafi ke kira maganaɗisu, kowa ya yi wasa da shi yana yaro, a ɗaura masa zare a ja shi a ƙasa ya kwaso ƙusoshi. Abin da ban sani ba sai da Yaya ya nuna mini shi ne iri biyu ne ke kwance a bolarmu. Akwai baƙi mai kauri, irin na bayan manyan lasifiku. Wannan ya ce ba abin da ke cikinsa sai tsatsar ƙarfe da aka gasa kamar yadda ake gasa tukunya. Akwai kuma fari mai ƙyalli, ɗan ƙarami, wanda ake samu a cikin faifan ajiyar kwamfuta da 'yar sifikar kunne da wasu ƙananan injuna. Shi wannan, idan biyu suka haɗu da yatsanka a tsakani sai jini ya kwanta. Ƙarfinsa, in ji Yaya, daga wani ƙarfe ne mai wuyar samu da ake kira niyodimiyam, wanda ake haƙowa a ƙasashe ƙalilan, a kuma sha baƙar wahala kafin a raba shi da ƙasa da duwatsu. Mu kuwa ya zo mana a tace, a cikin kayan da muka saya da tsada, mu yi aiki da su, su lalace, mu watsar. Yakan ce rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Sai ya fara tarawa. Ya riƙa bin filayen 'yan gwangwan da ke hanyar Inkil da 'yar sukudirebarsa, yana roƙon su bari ya buɗe matattun kwamfutoci kafin a loda su a mota. Da farko sun ɗauka jan waya yake nema, da suka ga abin da yake cirewa sai suka ƙyale shi, don su a wurinsu ba shi da nauyin da zai motsa sikeli. Yana kawowa rumfa ya jera su tsakanin guntayen kwali don kada su manne da juna su farfashe, ya zuba a buhu. Shekara da shekaru yana wannan.

A nan ne Alhaji Sabo ya shigo. Ɗan kawunmu ne, wato abokin wasanmu, kuma a lokacin darakta ne a wata ma'aikata. Shi ne ya laƙaba wa Yaya sunan Habibu Maye, a wajen wani sunan jariri, a gaban jama'a. Da aka yi masa magana ya ce ai wasan taubasai ne, mayen ƙarfe yake nufi. Duk wanda ya tashi a cikin gari ya san nauyin kalmar nan, ya san ba a jifan mutum da ita ko da wasa, kuma Sabo ya fi kowa sani. Sunan ya bi Yaya har masallaci. Matarsa Rakiya ta daina zuwa wasu bukukuwan dangi saboda shi. Shi kuwa da na nuna masa ɓacin raina, cewa ya yi in ƙyale Sabo, tun suna yara haka bakinsa yake.

Mutum ɗaya ne ya ɗauki abin da gaske, Mista Bulus mai walda, maƙwabcin rumfarsa, ɗan kudancin jihar nan ne da ya zo Bauchi tun yana saurayi. Shi ya yanka tsohuwar tukunyar gas ya yi masa tanderu, domin sai an gasa farin mayen ƙarfinsa ya mutu kafin a iya sarrafa shi. Bayan gashi a ɓare ɓawon nan mai ƙyalli, a daka a turmin ƙarfe. Ranar farko da suka daka shi a bushe garin ya kama da wuta, ya ƙone wa Yaya gira ya huda wa Bulus riga, daga nan suka koyi dakansa a jiƙe. Sai a narkar da garin a ruwan asid. Wannan ba ya yarda a yi shi a Wunti saboda hayaƙin, sai a 'yar gonarsa ta Inkil, a sarari, nesa da rijiya. Inda aikin ya tsaya masa shi ne raba ƙarfen da ake nema da ƙarfen banza, wanda shi ne ya fi yawa a ciki. Ya fi shekara biyu ba abin da yake samu sai jan taɓo. Kowane gwaji yana rubuta shi a littafin rubutu irin na 'yan makaranta, abin da ya zuba, abin da ya gani, da inda yake zaton ya kuskure.

Wata Laraba bayan azahar ya shigo gidana ko sallama bai ƙarasa ba, ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu. A cikinta akwai gari mai launin ruwan hoda mai sirkin shuɗi, bai fi cokali biyu ba.

“Hajara, ba ƙarfen ba ne tukuna, gishirinsa ne,” ya ce. “Mai da shi ƙarfe aikin masana'anta ne, ba na rumfa ba. Amma duk wanda ya san aikin, in ya ga wannan ya san an ci rabin hanya.”

Na juya kwalbar, na ce masa Allah Ya sa albarka, sannan na tambaye shi ko ya ci abinci. Iyakar abin da na iya ke nan a ranar da ta fi kowace girma a rayuwarsa.

Ni na raka shi ma'aikatar su Sabo, domin yana ganin idan da ni Sabo zai rage wasa. Abu uku yake nema: ɗaki mai iska da zai yi aiki a ciki, takarda zuwa wata jami'a a gwada masa garin a tabbatar da abin da ke ciki, da kuma a faɗa wa 'yan gwangwan su riƙa ware farin daga baƙin. Tun hantsi muke kan benci har aka kira azahar. Da aka shigar da mu, Sabo ya aika aka kira masa abokan aikinsa uku, kamar yadda ake kiran mutane kallon mai wasa da biri. Ɗaya ya tambaya ko garin na maganin ciwon baya. Ɗaya ya tambayi jami'ar da Yaya ya gama, alhali an riga an faɗa masa. Na ukun bai ɗaga kai daga wayarsa ba. Yaya ya yi bayaninsa a tsanake har ƙarshe, kamar yana gaban mutane. Sabo ya ɗaga kwalbar ya haska ta a taga, ya ce:

“Habibu, da abin nan na da wani amfani, kana ganin Turawa za su bar mana shi a bola?”

Aka yi dariya, aka ce ya rubuto a takarda. Ya rubuto har sau uku, kuma duk ukun ni na gyara masa su a kan teburina, na kai aka buga. Ko amsar “mun gani” ba a ba shi ba. A keken da ya dawo da mu daga ofishin Sabo a ranar, da muka iso Wunti sai ya ce ya manta bai yi musu bayanin haɗarin hayaƙin ba, kada wani ya ji labari ya je ya gwada a cikin gida.

Hawan jini ne ya kayar da shi a rumfa, ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi 'yan watanni a kwance Allah Ya karɓi abinsa. Likita ya faɗi abin da ya faɗa, amma gari ya fi likita sani. Wasu suka ce asid ne ya cinye masa ciki. Wasu, a zaman makoki, a tsakar gidanmu, suka ce maye ne ya ci kansa, suka rufe baki da mayafi suna dariya.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, saboda haka bari in faɗi nawa. Bayan addu'ar arba'in aka zo kwashe rumfar. Sabo ne ya tsaya a kai, tunda shi ne babban mutum a dangi. Ya kira 'yan gwangwan ya ce a share tarkacen. Mista Bulus ya bar aikinsa ya zo ya ce a bar masa buhunan ya ajiye a shagonsa har a samu wanda ya san darajarsu, in ma ba za a bari ba, kada a haɗa su da sauran ƙarafa. Sabo ya ce masa wannan maganar dangi ce. Bulus ya dube ni. Ina tsaye a wurin, na san abin da ke cikin buhunan, ni na gyara takardun da suka yi bayaninsu, amma na sunkuyar da kai, don na gaji da a ce mana dangin maye. Aka ɗora su a sikeli tare da tsohon kwano da karyayyen gado, a farashin ƙarfen banza. Da aka jefa buhun farko a mota ya manne da jikinta, sai da ƙarti huɗu suka taru kafin su ɓamɓare shi su tura ciki. Littattafan rubutunsa kuwa, guda bakwai, Sabo ya sa a motarsa ya ce zai adana wa marayu.

To, yau ina muke? Babura da kekuna masu caji sun fara shigowa gari, fanka mai caji tana kusan kowane gida, kuma da yawansu irin farin mayen nan ne a cikin injinsu. Baƙi na zuwa filayen gwangwan daga nesa, suna tambayar farin da sunansa, suna sayensa daban. Waɗanda da suke ba Yaya shi kyauta suna yi masa kallon tausayi, yanzu a ɗaki suke kulle shi. Ana loda shi a kai bakin teku, a tsallaka da shi, a tace a can, a dawo mana da shi a cikin sabuwar waya mu sake saye. Mun zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Na sha tambayar kaina me zai ce da ya ga wannan. Ni da na so ya yi dariyar ƙeta, amma na san shi, ba zai yi ba. Abin da zai tayar masa da hankali shi ne labarin da Bulus ya ba ni, cewa wasu sun ji ana samun wani abu a ciki, sun fara jiƙa shi a ruwan batir a bayan gidajensu, suna tuttular da ragowar a kwata, inda awaki ke sha, yara ke wasa. Shi ragowar ruwansa sai ya kashe mata kaifi da farar ƙasa kafin ya binne ta. Da yana nan da ya bi su gida-gida yana faɗa, su kuma su ce ga tsohon nan ya zo.

A watan jiya aka kawo mini kati. Alhaji Sabo ya yi ritaya, yanzu shi ne shugaban wata ƙungiya ta masu rajin sake sarrafa ƙarafa masu daraja, kuma za su yi taro a wani otal su karrama waɗanda suka fara hango wannan arzikin. Sunan Yaya ne na farko. Rakiya ta ce ƙafarta ba za ta taka wurin ba. Ni na je, na kuma biya Wunti na ɗauki Mista Bulus, wanda ba a aika masa da kati ba. A bakin ƙofa aka tare shi, sai da na ce in bai shiga ba ni ma na juya.

A jikin bango an rataya ƙyalle an rubuta “Marigayi Injiniya Habibu”. Digirin da aka hana shi zama saboda rashinsa, ga shi an ba shi kyauta bayan ya shekara tara a ƙasa. A kan babban tebur an shimfiɗa jan ƙyalle an ɗora mayen ƙarfe guda, don manyan baƙi su ga abin da ake magana a kai. Baƙin mayen ne, na bayan lasifika. Bulus ya dube shi, ya dube ni, ya sa hannu ya rufe bakinsa.

Sabo ya tashi cikin babbar riga ya ce shi da marigayi tare suka tashi, tare suka yi wannan tunanin, kuma ofishinsa ne wuri na farko da aka buɗe wa marigayi ƙofa. Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, an buɗe, bayan awa huɗu. Daga nan ya shiga karanta jawabinsa. Kafin ya kai layi na biyar na gane abin da nake ji. Takardar Yaya ce ta biyu, wadda na gyara da jan biro, har da wata jimla da muka yi gardama a kanta na rinjaye shi. Abin da aka canza kawai shi ne inda Yaya ya ce “ina roƙo”, Sabo ya ce “muna kira ga gwamnati”. Ashe takardun sun isa, an ma adana su da kyau. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Zauren ya ɗauki tafi, har da ɗaya daga cikin mutum ukun nan, mai tambayar ciwon baya, wanda yanzu shi ne ma'ajin ƙungiya.

Aka kira ni aka miƙa mini allon karramawa mai ruwan zinariya, aka ba ni lasifika in yi godiya. Na shirya magana mai tsawo a zuciyata, amma da na tsaya sai ta gudu. Abin da na iya cewa shi ne:

“Na gode. Wannan da ke kan tebur baƙi ne, babu komai a cikinsa. Ga Mista Bulus can a kujerar baya, shi ya yi aikin da marigayi, ku tambaye shi.”

Aka tafa mini kamar yadda aka tafa wa kowa, mai gabatarwa ya ce Hajiya akwai barkwanci, ya sanar da cewa abinci ya sauka. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Allon kuwa, da muka fito Bulus ya karce bayansa da makulli, roba ce aka fesa wa fenti.

Mutum ɗaya ce ba ta bi layin abinci ba. Wata mata ce mai kimanin shekara arba'in, ta ce sunanta Malama Asabe, tana koyar da ilimin sinadarai a wata babbar makaranta a nan jihar. Ta zauna kusa da Bulus ta yi ta tambayarsa, wane asid, zafi kamar yaya, me aka zuba garin ya kwanta. Da ya ambaci launin garin sai ta ajiye biro ta dube shi, ta ce a rumfa aka yi wannan? Ta tambayi ko marigayi ya bar rubutu. Na kai ta wurin Sabo, yana tsakiyar ɗaukar hoto. Ya ce littattafai? Ai an daɗe, ya sauya gida sau biyu, sai dai ya duba.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Habibu, ba shi da yawa, kuma ba zan ƙara masa gishiri ba. Buhunan sun tafi. Kwalbar ba wanda ya san inda ta shiga. Rumfar yanzu ana sayar da katin waya a cikinta. Bai gina masana'anta ba, bai kai ga ƙarfen ba, kuma mai yiwuwa ko an ba shi ɗakin da ya nema da bai kai ba. Abin da ya rage shi ne 'ya'yansa huɗu da ba wanda ya taɓa jin sun ɗauki abin wani, da kuma abin da ke cikin kan wani mai walda da ya haura sittin, idonsa ya fara rauni. Malama Asabe tana zuwa shagonsa duk Asabar, ta zauna a kan benci cikin ƙarar injin tana rubuta abin da ya tuna. Ya tuna tanderu, ya tuna daka, ya tuna asid. Ma'aunin abin da ake zubawa a matakin ƙarshe ne ya ɓace masa, don wannan Yaya ne ke yi da hannunsa, kuma a rubuce yake.

Allah Ya jiƙan Yaya Habibu, Ya haskaka makwancinsa, Ya saka masa da haƙurin da ya yi da mu, ni da na yi shiru da waɗanda suka yi dariya.

Kai kuma Alhaji Sabo, na san kana karanta jaridar nan, don a cikinta aka buga hotonka. Ka riƙe jawabin, ka riƙe kujerar, ka riƙe tafin. Littattafai bakwai ne, masu shuɗin bango, an rubuta sunansa a kan kowanne. Wanda ya iya adana takarda shekara goma sha bai rasa inda ya ajiye su ba. Idan kunya ta hana ka kawowa da kanka, ka ba mai keke ya kawo Ƙofar Wambai. Ni zan sallami mai keken.